An Gama, Baba, Tashi

Da makarantarmu ta ce jarrabawar aiki ma ta kwamfuta za a yi, kowa ya nemo majinyacinsa a gida, ban ko rufe baki ba Baba ya ɗaga hannu. Tunda ya ajiye tuƙin bas zaman gida ya ishe shi, ga shi dama mutum ne mai son a kalle shi.

Karatun nas nake yi daga ɗakina. Asibitin unguwarmu ya rufe ɗakin kwanciya guda saboda babu masu jinya, makarantar da za ta horar da su ita ma ba ta da isassun malamai, sai aka tattara mu aka zuba a intanet. Allura a jikin lemo na koye ta, bandeji a ƙafar tebur. Sauran kuwa duk a jikin Baba.

Sai dai Baba bai iya ciwo kaɗan ba. In na ce ya yi ciwon kai, sai ya juya idanu, ya fara rabon gado, ya bar wa maƙwabci rediyonsa. Goggo, yayarsa da ke zaune tare da mu, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuma haushi kamar ya kashe ni. In na gama sai in ce, "An gama, Baba, tashi." Sai ya yi zumbur ya miƙe ya rusuna, kamar an tafa masa.

Dokar jarrabawar mai tsauri ce. Malama za ta kira majinyaci ta faɗa masa ciwon da zai yi, ni ba zan sani ba, aikina in gano. Ba a barin gaban kyamara, ba a tambayar majinyaci ko wasa yake. Wadda ta karya doka sai baɗi, ni kuwa ba ni da wata shekarar da zan ƙara a ɗakin nan ina yi wa lemo allura.

Ranar jarrabawar, tun safe Baba ya daina yi mini magana, wai ya shiga aiki. Ina jin sa yana jan ƙafa a baranda, Goggo tana tsokanarsa. Na rufe ƙofata don kada in ji abin da bai kamata in ji ba.

Da hantsi na ɗora kwamfutar a kan kujera, na saita ta ga gadon da Baba ke kwance. Malama ta bayyana a ɗan akwati ƙarami a kusurwar allo, da fararen kayanta, ana ta wucewa da gadon tura majinyata a bayanta. Daga wurin aikinta take duba mu, mu da yawa a lokaci guda.

"Fara," ta ce, ta kashe muryarta.

Na gaishe shi kamar ban san shi ba. "Sannu, Malam. Me ke damunka?"

Na jira rabon gado. Bai zo ba. Ya dube ni, ya motsa baki, kalma ta fito a murɗe. Na ce a raina, lallai yau Baba ya dage. Na ɗaura masa abin awon jini, lambar ta fito sama sosai. To, mai hawan jini ne dama, ga zumuɗin kyamara. Ko na ɗaura ba daidai ba ne? Na sake. Ba ta sauko ba.

"Matse hannuna."

Na hagu ya matse ni har da zafi. Na dama ya kwanta a tafina kamar jiƙaƙƙen tsumma. Gefen bakinsa ya ɗan sauka. Wannan darasin na san shi, na haddace shi, shanyewar ɓarin jiki ce, kuma har wani daɗi ya ɗarsu a raina cewa na gano. Sai daɗin ya gushe. Yaushe Baba ya iya wasa da kyau haka?

Na dubi allo. Hoton Malama ya daskare, bakinta a buɗe. Ko sabis ne ya ɗauke, ko wata ɗalibar take kallo, oho. Kaina ya ɗaure tamau. In wasa ne na fasa ihu, na zubar da shekara guda saboda tsohon da ya ba da rediyonsa sau ba adadi. In ba wasa ba ne fa?

Na sunkuya kamar ina duba idonsa, na raɗa masa, "Baba, in wasa kake ka ƙifta."

Ya ƙifta. Sai na tuna kowa ma yana ƙiftawa.

Na miƙe tsaye, na yi abin da ya rage mini. "An gama, Baba, tashi."

Ya yunƙura. Rabinsa ya taso, rabi ya ƙi.

Na bankaɗe ƙofa. Goggo tana nan laɓe, ta kusa faɗowa ciki.

"Me Malama ta ce ya yi?"

"Ke, ba an hana faɗa ba?"

"Goggo, don Allah!"

"Targaɗe ne kawai. A ƙafar hagu." Ta leƙa gadon, dariyar da ke fuskarta ta gudu. "Shi ya sa nake masa tsiya da safe, na ce ko ƙafar da aka ba ka ma ka manta, kake jan ta dama."

Maƙwabcin nan mai gadon rediyo ne ya kai mu a motarsa. Kwamfutar na bar ta a kunne tana kallon gado ba kowa.

A asibiti nas ɗaya muka tarar, kowa na kiran ta Sista daga kowace kusurwa. Ta duba Baba da sauri, ta aika a kira likita, ta juyo gare ni da biro a hannu.

"Yaushe ya fara?"

Na juya na dubi Goggo, Sista ta ci gaba.

"Akwai maganin da sai a farkon abin ake bayarwa, likita zai tambaye ni. Yaushe rabon da ku gan shi lafiya?"

"Da safe yana jan ƙafa," na ce, "amma wasa yake."

"Wasa?"

"Ko kuma ba wasa ba. Jarrabawa ce. An ce ya yi ciwo."

Ta dube ni kamar ni ce ya kamata a kwantar. Goggo ta ce ai ɗan'uwanta tun yana yaro ba ya bambance hagu da dama, ƙila mantuwa ce kawai. Sai kuma ta ce a'a, da safen ma kofin shayi ya suɓuce masa. Sai ta ce ko jiya ne? Ta fashe da kuka. Likita ya zo, ya saurare mu, ya ce tunda ba a tabbatar da lokaci ba, ba zai yi kasadar wancan maganin ba, za su bi ta wata hanyar. Tsoro da baƙin ciki suka haɗu suka danne ni, na rasa wa zan ji wa haushi.

Da la'asar aka kwantar da shi. Sista ta ji ni ɗaliba ce, ta miƙo mini safar hannu ba tare da ta tambayi ajina ba. "Juya shi, ki tare masa kafaɗar nan da filo. Ina zuwa." Ba ta dawo da wuri ba, ana kiran ta a can ƙarshen ɗaki. Wayata tana ta ruri a aljihu, Malama ce, ban ɗauka ba.

Na juya shi yadda muka saba yi a gida, na goge masa gefen baki. Ya bi ni da ido, ya kama rigata da hannun hagu. Na kai kunnena kusa.

"Malama," ya ce da ƙyar. "Ta gani?"

"Ta gani, Baba. Ka yi ƙoƙari."

Rabin fuskarsa ya yi murmushi. Ya dafa katifa da hannu mai lafiyar, ya gyara ƙafa, ya zuba mini ido yana jira.

"An gama?" ya ce.