Hausar Baba Adi

Susana na zaune a bakin shagon Malam Harun, ta ɗaure hanci da baki da tsohon ɗankwali saboda garin katako, tana goge firam ɗin hoton wasu amare. Aikinta ke nan. Malam Harun ya yanka katako ya haɗa kusurwoyi, ita kuma ta bi lungu-lungun zanen da sanfefa har ya yi sumul, sannan ta shafa fenti. Ran nan ya tafi sayo katako, ita kaɗai ce a shagon.

Sai ga wani tsoho ya sauko daga keke napep. Baba Adi ne, dattijon cocinsu na ƙauyen Duvu. Ita ta gane shi, shi kuwa ina! Ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi, ga fuskarta a rufe.

"Firam nake so, baƙi," in ji shi, yana gwada girman da hannuwa. "Gobe jana'iza."

A cocinsu baƙin firam na mamaci ne, shi ake jinginawa a gaban akwatin gawa.

"Wa ya rasu, Baba?" Sai da ta ɗaga murya.

"Gidan Mama Ruth. Jikansa ya ɗauko shi a babur daga gona, suka faɗa mayo, rafin nan namu. Ɗaya yana asibiti, ɗaya ya mutu. Bari in karɓo hoto wurin mai wankewa."

Mama Ruth uwarta ce. Jikan kuwa Jonathan ne, ɗanta tilo, wanda ta tura ƙauye ya taya tsohuwar cirar gyaɗa. Ta miƙe za ta tambaye shi wanne ne cikinsu. Kafin ta kai gare shi, ya koma keken, sun sha kwana. Ta kira wayar Jonathan, a kashe. Ta kira maƙwabta, ba sabis, Duvu ke nan.

To, ga inda abin yake. Hausar Baba Adi ba ta san mace ba. Matarsa "ya tafi kasuwa", akuyarsa "ya haihu", har amarya a coci "ya yi kyau". Yaran Duvu sun sha tsokanarsa, Susana ma tana budurwa ta sha yin dariya har da riƙe ciki. Yau kuwa ba abin dariya. In da Malam Harun ne ya ce "ya mutu", da magana ta ƙare. A bakin Baba Adi, ko wanne ne cikin su biyun.

Zama ya gagara, tafiya ta gagara, don ba ta ma san wane asibitin ba. Ta jawo firam ɗin da ya yi daidai da gwajin tsohon, ta ninka sanfefa, ta shiga guga. Ita da ko ɗan tsini ba ta bari a jikin katako, yau ta ci gefe guda har ya rame.

"Ai tsohuwa ta ci zamaninta," wani abu ya raɗa mata.

Ta zabura kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Wayyo Allah! Uwar da ta goye ta zuwa gona, ita take yi wa fatan mutuwa? "Ubangiji ka gafarta mini," ta ce, ta tsoma buroshi cikin baƙin fenti. Amma tunanin bai tafi ba. Duk shafa ɗaya sai ta ga fuskar Jonathan tsakanin katakan nan huɗu, da gibin haƙorinsa, sai ta yi maza ta cire shi ta sa tsohuwar. Ta yi kuka, ta tsani kanta, ta sake sa tsohuwar.

Fenti bai gama bushewa ba Baba Adi ya dawo da hoton naɗe cikin jarida. Ta baya ake sa hoto a firam, a kife. Haka ta zare shi a kife, ta kau da kai, ta kwantar da shi kan gilashi, ta ɗora kwali, ta buga ƙananan ƙusoshi. Ta ƙara wasu ƙusoshin da ba a bukata. Daga nan babu sauran abin bugawa.

"Juya mana in gani," in ji tsohon.

Ta juya. Mama Ruth ce, cikin zanen zumuntar matan coci, tana murmushin nan nata na jin kunyar mai hoto.

"Na gode wa Allah!"

Da ƙarfi ya fito, ba ta san ta faɗa ba, har kurman kunnen Baba Adi sai da ya ji. Ta toshe bakinta da hannu mai fenti.

Tsohon ya karɓi firam ɗin, ya kai shi kusa da ido, ya gyaɗa kai.

"Gaskiya a gode masa, aiki ya yi kyau," ya ce. "'Yarsa zai ji daɗi. An ce a nan Mubi yake aiki. Ko ka san shi, in je in faɗa masa?"