Jajayen Ƙwayoyin Inna

Tun da mantuwa ta kama Inna, Auta ba ta da wani buri a duniya sai uwar ta dube ta ta kira ta 'yarta, ko da sau ɗaya ne. Inna kuwa "baiwar Allah" take ce mata, cikin ladabin da ake yi wa baƙuwa. Ladabin nan ya fi zagi ciwo.

Wata abokiyar aikinta a shagon ɗinki ce ta ba ta labarin man kiril, wanda ake tatsa daga wasu ƙananan halittun teku masu kama da jatan lande. Mai kantin magani bai ɓoye mata komai ba.

"Ƙanwata, ana shan sa don zuciya da gaɓoɓi, wasu ma su ce har ƙwaƙwalwa. Amma ban ce miki zai dawo da abin da ya tafi ba."

Auta ta yi kunnen uwar shegu da rabin maganar, ta sayi kwalba guda ta ƙwayoyin man. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Kullum da safe kafin ta fita, sai ta ɗora wa Inna ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ja, mai taushi da sheƙi, ta ajiye kofin ruwa, ta ruga neman mota. Da yamma ta dawo tana leƙen fuskar tsohuwar. Ranar da Inna ta yi mata murmushi, har gidan yayanta ta buga waya tana cewa magani ya fara aiki.

Wata Asabar ta zo karɓar zanin Inna za ta wanke, sai ta ji ƙulli a gefensa, ya yi maiƙo, yana ɗan ƙarni. Inna ta fizge da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Inna, mene ne a ciki?"

Tsohuwar ta waiga hagu da dama, ta kwance a hankali. Ƙwayoyin ne, tuli guda, wasu sun fashe sun manne da juna.

"Alawa ce, baiwar Allah. 'Yar autata nake tara wa, tana son ja. Ta je makaranta, yanzu za ta dawo."

Zuciyar Auta ta karye. Ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu.

"Ga ni, Inna. Na dawo."

Inna ta dube ta da tausayi, ta mayar da ƙullin ta ɗaure.

"Ki yi haƙuri, ba taki ba ce."