Sai Inna ta fita takaba

Shekara tara ina ɗaukar hoto a Parakou, biki, suna, har buɗe shagon kifi na ɗauka, amma ba ni da hoton mahaifina ko ɗaya. Malam Idrisu ba ya son kyamara, ni kuma ban taɓa matsa masa ba. Da ya rasu ban yi kuka ba. Wata biyu bayan nan na zauna ina neman fuskarsa a raina, rawaninsa kawai nake gani.

A satin ne ƙanwata Hafsa ta kira ni daga Djougou.

"Yaya, likita ya ce ciwon Inna ya bazu. Sati huɗu, ko biyar. Ba mu gaya mata ba."

Na ce to. Na ajiye waya, na ci gaba da goge kyamara.

Inna ma ba ni da hotonta, sai na katin shaida, wanda ta fito kamar an tsare ta a kan iyaka. Tana takaba, ba ta fita, ɗakinta kuwa taga ɗaya gare shi, ita ma kamar ta ɗakin tattabaru. Babban gilashin kyamarar da nake aiki da shi ba ya gani a irin wannan duhu sai da filasha, kuma Inna da ta hango shi take jan mayafi.

Na tafi wurin Moumouni mai sayar da kayan hoto. Ya jera mini ƙananan gilasai biyu, irin waɗanda ba su zuƙo abu, sai dai mutum ya matsa da ƙafarsa.

"Bon, wannan objektif, wato gilashin, mai lamba hamsin ne, ya fi gyara fuska. Wannan talatin da biyar. Duk biyu suna buɗewa sosai, haske kaɗan ya ishe su."

"Ɗakin bai wuce taku huɗu ba. Babu wurin ja da baya."

"To talatin da biyar ke nan. Amarya ce?"

"A'a."

Na ɗaura shi a ƙaramar kyamarata, na kashe mata ƙara. Duka-duka ta shige aljihun riga. Na gwada a lungun shagon, komai ya fito tsaf. Ban ji daɗi ba, ban ji komai ba.

Washegari da hantsi na sauka Djougou. Na sami Inna zaune a bakin gado da carbi, cikin zanen takaba, ba kwalli, ba kitso. Ta rame ƙwarai. Bayan gaisuwa na fito da kyamarar.

Ta dube ta, ta yi dariya. "Wannan 'yar abar? To, wannan kam na yarda."

Na fara ɗagawa, ta tare da hannu.

"Ba yau ba. So kake jikokina su san ni haka, kamar an tono ni? Ka bari in fita takaba. Saura wata biyu da kwana shida. In yi lalle, in sa atamfata."

Hafsa tana bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

Inna ta koma kan carbinta. Kyamarar tana cinyata a kunne. Hasken tagar ya sauka a rabin fuskarta, na'urar ta kama idonta da kanta, ɗan koren akwatin da ke allonta ya tsaya cak. Ban taɓa ganin hoto mai kyau kamar wannan ba. In na danna, ko sauro ba zai ji ba. Yatsana yana kan maɓallin har ta kai ƙarshen carbin.

"Ba dai ka ɗauka ba?"

"Ban ɗauka ba, Inna."

"Allah ya yi maka albarka. Ranar ka zo da wuri, kafin baƙi su cika gida."

"To, Inna."

Na mayar wa gilashin murfinsa.