Ramin da Renata Ta Gani

Renata Sobczak ta daɗe tana farautar rami. A ɗakin bincikensu na ƙarƙashin ƙasa a Colorado, sukan sanyaya iskar atom har ta kusa daina motsi, su matse ta da hasken leza ta baje kamar faifai. A wannan sanyi atom ɗin kan haɗa kai su zama tamkar jiki guda. Idan haɗin ya fara warwarewa, sai ƙananan ramuka su bayyana a ciki. Su take son ɗauka a hoto.

Ran nan da hantsi ta sunkuya gyara wani madubi. Tabaran kariya ya yi gumi, sai ta tura shi goshi. Lezar ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Ta ji wani ɗan "ƙas" can cikin kanta, ba zafi. Ta ci gaba da aiki.

Da hoto ya fito a allon kwamfuta, sai ga rami baƙi wuluk a tsakiya.

"Gus! Bar abin da kake yi ka zo!"

Gus Lindqvist, abokin aikinta, ya taho yana tauna burodi. "Wa ya mutu?"

"Duba tsakiya."

Ya leƙa. "Sumul yake, Ren. Ko kofi ne ya hau miki kai?"

"Kai makaho ne? Ga shi nan!"

Ta kai yatsa. Ramin ya hau kan farcenta. Ta juyo ta dubi Gus, ta ga kunnuwansa, ta ga gemunsa, ba ta ga hancinsa ba.

Gus ya daina tauna. "Rufe idon dama."

Ta rufe. Hancin ya dawo.

"Kin cire tabarau yau?"

Ya miƙa hannu ya kashe lezar, iskar da suka wuni suna sanyayawa ta watse.

A asibiti likita ta daɗe tana haska idon. "Ƙuna ce a can bayan idon. Jini yana taruwa."

"Zai warke?"

"Ki dawo jibi. In ya ƙaru kafin nan, kada ki jira."

A hanyar gida Gus yana tuƙi yana ta surutu don ya ɗauke mata hankali. Ita kuwa ta rufe idon hagu ta dubi motar gabansu. Ɗazu lambar motar kaɗai ramin ke cinyewa. Yanzu har da fitilun baya.

"Gus," ta ce a hankali, "juya."