Hoton Auta a Ƙofar Makaranta

Shekara goma sha ɗaya ina shara a makarantar nan. Ban yi boko ba, amma na san duk shekara jarida kan jera makarantu bisa makin jarrabawar shiga jami'a, kuma shugabarmu ba ta da zance sai wannan jeri.

Ita ta ɗauki Auta, ƙaramar 'yata, kyauta. Ta ce, "Iya, 'yarki 'yata ce." Na yi ta godiya har da hawaye. Sai daga baya na ji cewa masu jerin suna ɗaga makaranta idan tana da 'ya'yan talakawa.

Auta na da sikila. A ajin ƙarshe ta yi wata biyu a gadon asibiti, littafi a kan ƙirji. Da ta koma, Shugaba ta kira ni ofis.

"Zauna mana, Iya."

"Ranki ya daɗe, a kujerar da nake gogewa?"

Ta yi dariya. Ta ce Auta za ta rubuta jarrabawa, amma ba da sunan makaranta ba. Za a yi mata rajista a matsayin 'yar waje, a wata cibiya, wai don a sauƙaƙa mata. Ni kuwa na sake godiya.

A gida Auta ta ce, "Mama, ba sauƙi ba ne. Tsoro suke in faɗi in ja musu maki ƙasa."

Na ce ta daina zargin mai alheri. Washegari aka sa ni fitar da tebura tara daga zauren jarrabawa, na yaran da aka mayar 'yan waje. Na gane na Auta, don ni na ɗaure masa ƙafa da waya.

Cibiyar na can ƙarshen gari, sai an hau mota biyu. Ta tafi da ciwon ƙafa, ta rubuta. Da sakamako ya fito, ta fi duk 'yan ajinsu. Sati uku bayan haka ciwon ya tashi, Allah ya karɓi abarsa.

Ranar da na koma aiki, sai ga ƙaton ƙyalle a ƙofar makaranta: fuskar Auta, makinta a ƙasa. Maigadi ya karanta mini rubutun: "Ɗalibarmu abin alfaharinmu."

Na shiga ofis ban yi sallama ba.

"A sauke hoton 'yata."

"Haba Iya, ai karrama ta muka yi."

"Da tana raye ba taku ba ce. Ni na fitar da teburinta."

Ta ce in yi haƙuri, masu jeri za su zo ranar Litinin.

Na ɗauko tsanin da nake share yanar gizo da shi, na ari reza wajen maigadi. Shi ya riƙe mini tsanin, yana kallon ƙasa. Na yanke fuskar 'yata a hankali, na naɗe. Makin na bar musu, tunda shi suke so.

Na jingine tsintsiya a ƙofar ofis, na tafi gida da Auta a hammata.