Ɗigon da Wanzam Bai Gani Ba

Baba Issifu ya kama ɗan yatsan matarsa, ya matse kansa, ya danna 'yar allurar. Jini ya fito. Bai gan shi sosai ba, amma ya ji danshinsa a fatar hannunsa. Wanzami ne, jikan wanzami, ya san jini tun gemunsa bai tsiro ba. Ya lalubo tsinken gwajin da ke maƙale a bakin mitar awon suga, ya kai shi ga jinin. Mitar ta yi ƙara.

"Alimatu," ya ce. "Tashi ki duba."

Ba ta tashi ba. Da ya dawo daga sallar asuba ya same ta yadda ya bar ta, kwance a gefe ɗaya, zanenta sharkaf da gumi, jikinta kuwa sanyi kamar randa. Ya girgiza ta. Ta yi wani gunaguni da ba magana ba.

Ta daɗe da ciwon suga. 'Yarsu Rahma, mai sayar da atamfa a kasuwar Tudu, ita ta sayo mitar da allurar insulin irin ta biro. Kowace safiya shi ke huda yatsan, Alimatu ta karɓi mitar ta faɗa masa lambar a hankali, shi kuma ya maimaita wa Rahma a waya da babbar murya, kamar shi ya karanta. Haka suka shirya tun da yanar ido ta fara rufe masa gani. Ban da ita ba wanda ya sani. Ita ke raɗa masa sunan mai tahowa kafin a yi sallama. Ita ke riƙe masa jaka zuwa gidajen suna, ita ke riƙe ƙafafun jariri idan zai yi kaciya, tana ce masa ƙasa-ƙasa, "Sama kaɗan. Nan." Mutane na cewa sa'a ce ta sa ba ya fita aiki sai da ita. Rabin mazan unguwannin Nima da Mamobi ta hannunsa suka bi, kuma ba uban da zai miƙa ɗansa ga wanzamin da ba ya gani.

Ya ɗauki mitar zuwa taga, ya karkata ta, ya kawo ta dab da idonsa na dama mai ɗan sauƙi. Ya ga tsayayyen layi a gaba. Ɗaya ne. Abin da ke bayansa baƙaƙen dunƙule ne masu gudu cikin juna.

Ya san ƙa'idar, don kullum a kunnensa ake faɗarta. Idan lambar ta sauka ƙasa da huɗu, sukari ake ba ta. Idan ta haura sama sosai, a ƙara allura. Watan jiya ta kai sha tara, ta yi laƙwas tana surutai, aka ƙara mata allura ta miƙe. To wannan ɗayan, na sha tara ne, ko ɗaya ne da ɗigo a bayansa? Ɗigon bai fi ƙwayar gero ba. In ya ba ta sukari alhali suga ya hau, a ganinsa guba ya ba ta. In ya yi mata allura alhali ya sauka, ya kashe ta.

A tsakar gida an tashi. Mata na cacar baki a bakin famfo, wani ya kunna rediyo da harshen Tiwi, Amama maƙwabciyarsu tana zuba wa mutane koko a ƙofar gida tana zolayar kowa. Labule kawai ya raba shi da ita. Amma ya san Amama. Kafin kokon ya ƙare labarin ya kai unguwar Kawukudi, inda Mutala yake, yaron nan mai yin kaciya da safar hannu da takardar asibiti, wanda Baba Issifu ke kira mai yankan farce.

Yana tsaye yana wannan tunani mitar ta kashe kanta.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Rahma ce, daga cikin torotoro, motar haya, ana jin yaron mota na kiran Tudu.

"Baba, ina kwana? Nawa ne yau?"

Ya buɗe baki. Ya dubi inda Alimatu take.

"Bakwai."

"Alhamdu lillahi. Ba ni Mma."

"Tana barci. Jiya ta gaji a gidan suna."

"Ta ci abinci bayan allurar dare kuwa? Ka san halinta idan tana aikin girki."

"Na ce miki bakwai," ya ce, ya kashe.

Ya koma ya zauna a bakin katifa. Ya sunkuya ya shinshina bakinta. Ya matso jini kaɗan daga yatsanta ya ɗora a harshe ko zai ji zaƙi, bai ji komai ba sai gishiri. Ya yi mata tofi a goshi. Ya kira ta da sunan da bai kira ta da shi ba tun suna yara. Ya ce a ransa bari haske ya ƙaru, wataƙila idan rana ta buɗe zai gani. Ya jira. Rana ta buɗe, ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma. Gunagunin ya tsaya, sai numfashi mai nauyi.

Ya ɗauko allurar daga cikin tukunyar ƙasa inda suke ajiye ta don sanyi. Ya murɗa gindinta yana jin ƙas, ƙas, ƙas da kunne. Ya yaye zanen daga cinyarta. Sai ya fasa. Ya ajiye allurar.

Tsinke ɗaya ya rage a gwangwani. Ya zura shi a mita, ya sake huda wani yatsan. Jinin bai zo da sauri ba, sai da ya tatso shi. Mitar ta yi ƙara. Ya koma taga. Ɗayan na nan, dunƙulen na nan.

"Salamu alaikum! Baba Wanzam!"

Rafiq ne, mai gyaran waya, wanda aka raɗa wa ɗansa suna da safen nan. Shi ma Rafiq ɗin Baba Issifu ne ya yi masa kaciya.

"An yanka rago, liman ya sha kokonsa ya tafi, kai kaɗai ake jira. Yaron tun jiya yake tsala kuka, kamar an gaya masa kana tafe. Ina Mma? Ko ta riga mu?"

Baba Issifu ya tsaya a bayan labule da mitar a tafin hannu. Ya san ba za ta jira shi ba, kuma babu wani tsinken. Da Amama ce ma da sauƙi.

Ya yaye labulen, ya miƙa hannu wajen da muryar take.

"Karanta."

Rafiq ya yi dariya. "Baba, jarrabawa za ka yi mini da sassafe?"

"Karanta, na ce."

"Ɗaya, ɗigo, shida."

"Da ɗigo?"

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Lambobin ma kowace ta kai babban yatsana, Baba, ai ko daga..."

Bai ƙarasa ba. Baba Issifu ya ji shirun, ya kuma san idanunsa yaron yake kallo.

"Amama!" ya ƙwala kira. "Sukari! Maza!"

Ta shigo da gwangwanin sukarin kokonta tana salati. Ya dumbuzi sukari, ya buɗe bakin Alimatu ya shafa mata a dasashi da cikin kumatu. Ba ta haɗiye ba, ba ta motsa ba.

"Tun yaushe take haka?" in ji Amama.

"Ku ɗauke ta."

Mota ba ta shiga lungunsu. Rafiq da wasu samari biyu suka ɗora ta a kan benci suka fita da ita a guje, suna bin gefen babbar kwata zuwa titi. Baba Issifu ya biyo su. Bai yi nisa ba ƙafarsa ta daki dutsen wanki, ya tafi zai faɗi. Kullum Alimatu ce ke gabansa a wannan hanya, yana bin farin mayafinta. Amama ta kama hannun rigarsa.

"Sake ni."

"Yoo, in sake ka ka faɗa kwata, mu ɗauki biyu? Taho, Wanzam."

Ta ja shi ta gaban mai shayi, ta gaban teloli, ta gaban masu jiran wace, wato shinkafa da wake, da kwanoni a hannu. Aka gaishe shi daga hagu da dama. Bai amsa wa kowa ba, don babu mai gaya masa ko su wa ne.

A asibiti aka sa mata ruwan suga ta jijiya, aka tura su waje. Can likita ta fito, yarinya ce ƙarama daga jin muryarta. Tana magana da Turanci gauraye da Tiwi, Rafiq na juya masa.

"Ta ce yaushe ka same ta haka?"

"Bayan asuba."

"Ta ce kuna da mita a gida?"

Ya ciro ta daga aljihu. Ya ji likitar na danna wani abu. Bai san mitar na riƙe lambobin baya ba. Ta yi magana mai tsawo, murya a sama. Rafiq ya taƙaita.

"Ta ce awon farko ɗaya da ɗigo tara ne."

"Abin da ta faɗa ya fi haka yawa."

Rafiq ya faɗi sauran. "Ta ce mitar ta gaya muku tun da wuri. Ta ce ko ba mita, idan mutum bai san hawa ne ko sauka ba, sukari ake bayarwa, cokali biyu ba ya kashe kowa. Ta ce ana koyar da wannan duk ranar awon masu suga."

Bai taɓa shiga ɗakin awon ba. A waje yake jiranta, don bencin cike yake da mata.

"Za ta tashi?"

"Ta ce sugan ya dawo daidai. Amma ƙwaƙwalwa ta daɗe ba abinci. Sai an jira."

Suka zauna a kan dogon benci. Wayar Rafiq ta yi ta ƙara yana kashewa. Daga baya ya gyara murya.

"Baba, daga gida ne. Na ce ko a bar aikin nan sai Mma ta samu sauƙi. Ko jibi, ko sati mai zuwa. Ba gaggawa."

Yaro ne mai ladabi. Ba zai ce a'a ba ko da Baba Issifu ya miƙe yanzu ya ce a tafi.

"Ka je Kawukudi ka kira Mutala."

"Baba, ni ban ce..."

"Ka ce masa ya jira jinin ya tsaya kafin ya ɗaure. Gaggawa gare shi. Tashi."

Rafiq ya durƙusa ya yi addu'ar samun sauƙi. Takunsa da zai fita ya fi na shigowarsa sauri.

Rahma ta iso bayan azahar. Amama ta riga ta gaya mata komai a waya. Ta shiga ta ga uwarta, ta fito ta tsaya a kansa. Ba ta gaishe shi ba.

"Bakwai ka ce mini."

"Na ce."

"Da ka ce Rahma, ba na gani, da na ce ka sa mata sukari. Kalma uku, Baba. Ina riƙe da wayar a kunnena."

Ya kau da kai.

"Tun yaushe idon?"

"Ya kwana biyu."

"Kuma kana yanka 'ya'yan mutane."

"Ba wanda ya lalace a hannuna."

"A hannunta," in ji Rahma. Ta zauna a can ƙarshen bencin ta yi kuka ba sauti. Bai matsa kusa da ita ba, ita ma ba ta matso ba.

Wajen la'asar wata nas 'yar Mamobi ta leƙo, ta ce da Hausa, "Masu Mma Alimatu, ta buɗe ido."

Rahma ta miƙe, ta yi gaba, sannan ta dawo ta kama hannunsa. Ta kai shi har bakin gadon, ta ɗora tafinsa a kan hannun uwarta. Hannun ya yi ɗumi yanzu. Ya matsa shi, bai ji an matsa nasa ba.

"Alimatu. Ni ne."

Ya sunkuya har ya ji numfashinta a fuskarsa. Ya ga duhun fuska a kan farin matashi, ba ido, ba baki.

"Rahma."

"Na'am."

"Ni take kallo?"

Fanka na juyawa a sama. A gadon kusa wata na kiran nas. Rahma ta ja hanci, ta gyara wa uwarta mayafi, ta sake gyarawa.

"E, Baba," ta ce. "Kai take kallo."

Ya san wannan muryar. Da irinta yake ce wa uba jinin ba shi da yawa. Ya lalubo kujera da ƙafa, ya jawo ta, ya zauna bai saki hannun ba.