Nama Kashi Biyu a Kasuwar Dungas

Shekarar da ta biyo bayan babban fari Wada ya samu aiki a kasuwar Dungas. A da shanu ashirin da uku gare shi, duk suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Malam Bunu, ma'aikacin kiwo da aka turo daga Magariya, shi ya ɗauke shi, don Wada ya san mutanen garin.

Aikin ba wuya. An sa Gajere mahauci ya kasa nama kashi biyu a kan tebur. Na dama na bijimin sa ne da aka turke a gida, ya ci harawa, ya sha ruwa a inuwa, sanda ba ta taɓa shi ba. Na hagu na saniya ce da aka koro kwana tara a ƙasa. Wada zai gaya wa mai saye bambancin, ya tambaye shi ko zai ƙara dala biyu ya ɗauki na dama. Bunu na gefe yana rubuta amsa.

Haka Wada ya yi ta maimaitawa tun hantsi, da murya ɗaya, ko fuskokin masu sayen ba ya dubawa.

Dela mai tuwo ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Allah sarki. To amma a tukunya wa zai gane? Ba ni na hagu."

Modu, tsohon makiyayi, ya daɗe a tsaye yana kallon na dama.

"Wanda ya yi kiwon nan ya kyauta," ya ce. "Da ina da kuɗin, da na ƙara."

Bai sayi ko ɗaya ba. Bunu ya rasa inda zai sa shi a takarda.

Zuwa la'asar mutum arba'in da ɗaya suka tsaya, huɗu suka ƙara. Gajere ya gaji, ya haɗe naman wuri guda ya karya kuɗinsa.

Bunu na ninke takardunsa ya ce, "Kai fa, Malam Wada? Za ka ƙara?"

Wada ya dubi teburin. Ya nemi amsar a ransa, bai tarar da kome ba.

"Rubuta abin da ka ga dama," ya ce.

Bunu bai rubuta ba. Ya ce jibi kasuwar Waca, mota da sassafe. Wada ya ce to, ya ɗauki takalmansa ya nufi masallaci.